Kada ku zuba ruwa mai laka kai tsaye a kan gawayin tacewa

'Yan uwa, idan kuna tace ruwa da gawayi, ku fara barin ruwan ya kwanta dare ɗaya. Da safe ku tsiyaye na sama ta tsumma mai tsabta, sannan ku bi da shi ta gawayin. Hakan zai sa gawayin ya daɗe yana aiki.

Gawayi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. A jikinsu ne sinadarin kulorin, wari da wasu magungunan feshi suke maƙalewa. Giram 1 na gawayin masana'anta, wanda aka gasa da tururi, faɗin ramukansa kan wuce murabba'in mita 500. Laka kuwa toshe su take yi, aikin ya tsaya.

Na girki ma yana yi, amma bai kai wancan ƙarfi ba. Ku farfasa shi kamar ƙwayar shinkafa, ku wanke har baƙin ruwan ya daina fita. Ku shimfiɗa kaurin santimita 30 a bokiti, tsakuwa a ƙasa, yashi a sama. Ramin fitar ruwa ya zama ƙarami, ya riƙa ɗiga a hankali, domin ruwan da ya ruga da sauri bai tacu ba.

Ku guji gawayin katako mai fenti, da dunƙulallen da aka haɗa da sinadarin kunna wuta.

Don Allah ku kula da wannan: gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire gishiri. Ku tafasa ruwan bayan tacewa. Da zarar wari ko ɗanɗano ya dawo, gawayin ya ƙoshi, ku canza shi.