Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen jif ta iyali, da yadda ake gyara su

Yawancin masu sayen sabuwar jif suna shiga wurin dila ne da sunan mota a baki, alhali ba su zauna sun lissafa aikin da za ta yi ba. Mutum nawa za ta riƙa ɗauka kullum? Wace hanya za ta fi bi? Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita ce ke zaɓen mota, kuma kusan duk kuskuren da ke ƙasa daga tsallake su yake tasowa.

Na farko shi ne ɗaukar kowace jif a matsayin abu ɗaya. Iri biyu ne, kuma ƙirarsu ta sha bamban. Highlander, RAV4, CR-V, Pilot, Santa Fe da Sorento bodinsu da ƙashinsu haɗe suke, kamar ƙaramar mota da aka ɗaga. Suna da laushi a kan kwalta, ba sa yawan layi a kwana, shan mansu da dama-dama. Prado da Fortuner kuwa bodi aka ɗora a kan cesis na ƙarfe, Fortuner ma a kan cesis ɗin Hilux aka gina ta. Su ne ke jure gargada da kaya, amma sun fi nauyi, sun fi shan mai, kuma wanda ke kujerar baya yana jin kowane rami a ƙugunsa. Wanda zirga-zirgarsa makaranta, ofis da kasuwa ce, sai tafiyar Kano zuwa Abuja jefi-jefi, bai buƙatar mai cesis. Wanda ke shiga ƙauye da damina a kan burji da laka, in ya sayi mai laushin, kafin shekara biyu shokazoba da bushin sun fara kuka.

Haka rubutun AWD (wato mai ja da ƙafa huɗu) da ke bayan mota yake ruɗin mutane. AWD tana tura ƙarfi ƙafafun baya ne in na gaba sun fara santsi, wannan ya isa ga ruwan sama da ɗan taɓo. Ba ta da ƙaramar giyar nan ta 4L da ke fitar da mota daga yashi mai zurfi ko kwazazzabo. In hanyarka na da irin wannan, ka duba da idonka ko akwai 4L a madanni ko a sandar giya.

Kuskuren da ya fi cin iyalai shi ne yarda da lissafin "kujera bakwai" ba tare da an gwada ba. A yawancin waɗannan motoci layi na uku na yara ne. Babba in ya zauna, gwiwarsa na ƙirjinsa, ba zai kai Zariya daga Kano ba sai ya nemi a tsaya. Sannan da zarar an ɗaga layin na uku, but ya tafi: abin da ke saura a Highlander bai wuce wurin akwati biyu matsakaita ba. Iyalin da za su tafi gida Sallah su bakwai, da akwatuna da buhun shinkafa da kula, ba inda za su zuba kaya sai kan keriya, kuma kaya a sama na ƙara wa doguwar mota layi. Gyaran mai sauƙi ne: a je wurin dila da uwargida da yara. A ɗaga duk kujerun, kowa ya zauna inda zai riƙa zama, a rufe ƙofa. A sa mafi tsufa a gidan ya hau ya sauka, domin Prado na da tsawo, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta faɗa maka tana wahala ba, sai dai ta daina son fita. In akwai jariri, a laluba tsakanin mazauni da majingina a nemi ƙarafunan ISOFIX da ake maƙala kujerar yara. Idan kullum mutum bakwai ne manya, gaskiya Sienna ta fi kowace jif dacewa, ko da ba ta cika ido kamarsu ba.

A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da ke nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Manya bakwai masu kilo 70 kowanne kilo 490 ke nan, ba a sa ko jaka ba. Ka ɗora buhu biyu masu kilo 50, ka kusa iyaka ko ka wuce. Wuce iyakar ke zafafa taya a doguwar tafiya, ya kuma tsawaita nisan da birki ke buƙata.

Sai esi. A Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu na haura digiri 40, kuma motar da ba ta da mafitar sanyi a layi na uku, yaran baya gasuwa suke yi. A kunna esi da tsakar rana, mota a tsaye, a zauna can baya minti goma a ji. Rufin gilashi mai faɗi ba abin biyan ƙarin kuɗi ba ne a wannan yanki: zafi yake tarawa, ƙura kuma na toshe magudanansa har ruwa ya riƙa ɗiga ciki da damina.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sayen mai fulogi shida ba tare da lissafi ba ya zama ganganci. A cikin gari, injin V6 mai lita 3.5 na iya shan lita 13 zuwa 14 a kilomita 100, mai fulogi huɗu lita 2.5 kuma wajen 9 zuwa 10. Mai yin kilomita 1,500 a wata, bambancin ya kai lita 60, wato sama da lita 700 a shekara. Ka ninka da farashin gidan man unguwarku kafin ka yanke shawara. Amma kada a zarme a ɗaya gefen: ƙaramin inji a babbar mota cike da mutane wahala yake sha, kuma ba lallai ya yi tsimin da ake zato ba. Masu turbo, kamar 1.5 na CR-V ko 2.4 na Highlander daga 2023, suna da ƙarfi, sai dai ba sa yafe jinkirin juye ko baƙin mai na jabu. In littafin motar ya ce baƙin mai 0W-20, shi za a zuba. Bakanike ya ce maka "ai ƙasarmu da zafi, a sa mai kauri 20W-50", kada ka yarda, hanyoyin man injin zamani matsattsu ne. Hybrid, wato mai aiki da inji da batiri tare, tana da riba sosai a cunkoso, amma batirinta na da fanka mai shaƙar iska daga cikin mota, kuma ƙurar hunturu na toshe matatarta. A tambayi inda take, a riƙa sharewa. Dizal ɗin da aka ƙera don Turai mai matatar hayaƙi ta DPF kuwa, gajerun tafiye-tafiye da man da ba shi da tsabta na toshe ta, gyaranta da tsada.

Taya ma ana zaɓenta don ƙawa. Highlander na zuwa da taya 235/65R18 ko 235/55R20, wato mai rim inci 18 ko 20. Kaurin gefen ta farko kusan milimita 153 ne, ta biyu 129. Wannan 'yar tazarar ita ce tsakanin ka wuce rami lafiya da ka lanƙwasa rim. Ɗauki mai inci 17 ko 18, ta fi araha, ta fi samuwa in ta fashe a hanya. Ka tabbata akwai safaya da jak, domin wasu sababbin motoci gam da famfo kawai ake sa musu. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT a gefen taya: 2324 na nufin mako na 23 na 2024. Motar da ta daɗe a ajiye tana iya zama sabuwa dal amma tayoyinta da batirinta sun tsufa.

Wani kuskuren shi ne sayen mota kafin a tambayi kayan gyaranta. Kafin ka biya, ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ka tambayi kuɗin abu biyar: fitilar gaba, gilashin gaba, shokazoba, birki, da famfon mai. In an ce sai an yi oda daga Legas ko waje, ka san kwanakin da motarka za ta yi a gareji. Motocin Sin da na Koriya na zuwa da kayan alatu masu yawa a farashi mai sauƙi, kuma wasunsu nagari ne, amma a bincika ko kamfanin na da wurin gyara a jiharka, da kuma nawa ake sayen irinta bayan shekara huɗu. A tambayi nau'in giya: CVT da DCT kowacce da manta na musamman, kuskuren zuba na wata na kashe giyabos. Injin V6 na Pilot da bel yake aiki a maimakon sarƙa, ana canza shi a wajen kilomita 160,000.

A ƙarshe, takardu. Motar da wani ya shigo da ita da kansa daga Amurka ko Dubai, ko da leda a kujerunta, galibi ba ta da garanti a nan. Garanti na wakilin kamfani ne, kuma a rubuce: shekara nawa, kilomita nawa, a ina za a riƙa yin sabis don kada ya ɓaci. Lambar cesis harafi da lamba 17 ce, a gwada ta jikin gilashin gaba da ta ƙofa da ta takardar kwastan, su zo ɗaya. A motocin kasuwar Amurka harafi na goma ke nuna shekara: P 2023, R 2024, S 2025. Kuma a ware kuɗin cikakkiyar inshora tun cikin kasafin saye, domin ta dolen nan ta naira 15,000 ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta motarka ba.