Kafin ki fara allurar toshe TNF: shirin da nake sa masu amosanin gaɓɓai su yi

Ni mai harhaɗa magunguna ce a asibiti, kuma yawancin masu kawo mini takardar adalimumab ko etanercept mata ne, don amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid ya fi kama mata, wajen ninki biyu zuwa uku. Shi ya sa da ke zan yi magana, 'yar'uwa. Amma namijin da ke fama da shi, da mai ciwon hanji na Crohn, duk abin da zan faɗa ya shafe su.

Ki fara da sanin aikin allurar. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo da wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokin, TNF ɗaya ne daga cikinsu. Aikinsa irin na mai shela ne, in cuta ta shigo shi ke kiran sauran su taru. A jikin mai rumatoyid shelar ba ta tsayawa ko da babu abin da ya shigo. Sai ƙwayoyin su yi cincirindo a gaɓa, ta kumbura, ki wayi gari yatsu a sandare har hantsi, sannu a hankali guringuntsi da ƙashi su zaizaye. A ƙarshen shekarun 1980 Marc Feldmann da Ravinder Maini na Cibiyar Kennedy da ke Landan a lokacin suka raini ƙwayoyin da aka ciro daga gaɓoɓin marasa lafiya a ɗakin gwaji. Da suka toshe TNF shi kaɗai, sai wani ɗan saƙon mai suna IL-1 ma ya lafa, suka gane TNF ne ja-gaba. A 1992 suka gwada maganin a kan mutum 20, shi ne infliximab na yau. Amurka ta amince da shi da etanercept a 1998, adalimumab kuma a 2002. Na ga matan da ba sa iya ɗaura zani da kansu sun koma tuƙa tuwo, saboda haka ba na raina wannan magani ko kaɗan.

Sai dai TNF ɗin nan yana da wani aikin da ba ki ganinsa. In ƙwayar tarin fuka, wato tibi, ta shiga huhu, ƙwayoyin garkuwa kan kewaye ta su killace ta shekara da shekaru, mutum na yawonsa lafiya lau. TNF ne ke riƙe da wannan killacewar. A 2001 aka wallafa rahoton mutum 70 da tarin fuka ya kama bayan sun fara infliximab. Rabinsu ya tasar musu ne cikin kusan mako 12 na farko, kuma fiye da rabi ba a huhu kaɗai ya tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, Najeriya kuwa tana sahun gaba a yawan masu tibi. Wannan shi ne babban dalilina na yin wannan rubutu.

Don haka kada allura ta taɓa jikinki sai an yi hoton ƙirji da gwajin tibi mai ɓuya. Gwajin iri biyu ne. Akwai na fata, Mantoux, wanda dole ki koma a duba wurin tsakanin awa 48 zuwa 72, in kin wuce haka sai an sake. Akwai na jini, irin su QuantiFERON, ya fi tsada amma rigakafin BCG da aka yi miki kina jaririya ba ya rikita shi. Ki faɗa wa likita in kina shan prednisolone, don yakan sa gwajin ya nuna babu alhali akwai. Ki kuma faɗa masa in wani a gidanku ya taɓa shan maganin tari na wata shida, ko da shekara ashirin ke nan. Mutane na jin kunyar wannan magana, ni kuwa ta fi mini gwajin kansa amfani wani lokaci. In kina tari, ko rama, ko zufar dare, a kai kakinki gwajin GeneXpert. In an sami mai ɓuyan, za a ba ki isoniazid na wata shida zuwa tara, ko rifampicin na wata huɗu, kuma galibi sai kin yi aƙalla wata guda kina sha kafin a fara allurar. Watan nan yana da nauyi ga mai ciwo, na sani. Ki daure.

A jinin da za a ɗiba a haɗa da ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Na B ɗin ki tabbata an duba biyu, HBsAg da anti-HBc, don na biyun ne ke nuna wanda ya taɓa shiga ya kwanta. In akwai, entecavir ko tenofovir na tsare hanta. Mai ciwon zuciya da ke kumbura ƙafa ta faɗa tun wuri.

Sai rigakafi. Na zazzaɓin shawara ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa wadda ke kan waɗannan allurai. In kina da niyyar Hajji ko Umara ko wata tafiya mai buƙatar katin shawara, ki yi shi wajen mako huɗu kafin ki fara, bayan likita ya duba sauran magungunan da kike sha, kuma sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. Na sanƙarau da na ciwon hanta ba su da rai, ana iya yinsu.

Ajiya kuwa, firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a tsakiya ba a jikin ƙofa ba, kuma in ta daskare ta lalace. Takardar Humira, wato adalimumab, ta yarda a bar ta a waje har kwana 14 in zafi bai wuce digiri 25 ba, amma wane ɗaki ne ke tsayawa a 25 a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi? In wutarku ba ta da tabbas, ki roƙi kantin maganin asibiti su ajiye miki, ki zo ranar allura kawai, adalimumab duk mako biyu, etanercept duk mako.

Yawanci za a bar ki a kan methotrexate tare da allurar. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba, tare da folic acid. Ki zaɓi rana guda ki rubuta a jikin kwalin. Kada ki yarda wani mai kemis ya ba ki Septrin, haɗuwarsu na iya durƙusar da ɓargo ya daina yin jini. In kina neman haihuwa ki faɗa kafin ki ɗauki ciki, don methotrexate na yi wa ɗan tayi illa.

Daga ranar da kika fara, zazzaɓi ya daina zama abin da ake cewa “maleriya ce” a sayi magani a wuce. Ki ɗage allurar ranar, ki je a gwada jini, ki gaya wa duk wanda ya duba ki sunan abin da ake miki. In tocilizumab aka ba ki, wanda ke toshe aikin wani ɗan saƙon mai suna IL-6 da Tadamitsu Kishimoto da abokan aikinsa na Osaka suka tantance a 1986, ki ƙara lura, don yana danne zazzaɓi da gwajin jini na CRP mai nuna kumburi, cuta na iya yin nisa jiki bai yi zafi ba. Ciwon ciki mai tsanani ko kasala da ba ki saba ba sun isa ki tafi asibiti.

Wasu za a ce su sha ƙwaya maimakon allura, irin tofacitinib da ta fito a 2012, mai toshe saƙon daga cikin ƙwayar halitta ta hanyar danne wani sinadari mai suna JAK. Ba ta buƙatar firji, wannan babban sauƙi ne a wurinmu. Amma gwajin tibi da na hanta suna nan daram, kuma binciken ORAL Surveillance da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ciwon daji ga 'yan shekara 50 zuwa sama masu wata matsalar da ke barazana ga zuciya. In kin kai hamsin, ko kina da hawan jini ko ciwon suga, ko jini ya taɓa daskare miki a jijiya, ki tambayi likita ko allurar TNF ba ta fi dacewa da ke ba kafin ya rubuta.