Darasi na Bakwai: Fitilar Ƙofar Gida, Makunni da Fiyus

A gidajen haya na Nima da Mamobi a birnin Accra, fitilar tsakar gida da ta ƙofar waje su ne suka fi wahala. Rana ta dake su, ƙurar hunturu ta rufe su, damina ta zo ruwa ya shiga ciki. Duk da haka su ake yi wa haɗin gaggawa: a jawo waya daga soket ɗin ɗaki, a fitar da ita ta taga, a naɗe da salatif, shi ke nan.

Wutar da kamfanin wutar lantarki na Gana, wato ECG, ke kawo mana bolt 230 ce. Tana kisa. Shi ya sa tun 2011 aka yi dokar da ta ce mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi ta Gana ne kawai zai ja wayar wuta a gini. Wannan darasi zai taimake ka ka san abin da ka biya kuɗi a kansa, ka kuma gane idan an yi maka aikin ha'inci.

Wayoyi uku ne ke zuwa wurin fitila. Mai ɗauke da wuta ruwan ƙasa ce, a tsofaffin gidaje kuma ja. Wadda wutar ke komawa ta cikinta shuɗiya ce, a da baƙa. Ta ukun, kore da rawaya, ita ce wayar ƙasa, ana ɗaure ta a jikin ƙarfen fitila. Idan wuta ta zubo a jikin ƙarfen, ta nan za ta bi ta sauka, ba ta jikin yaron da ya taɓa ba.

Makunni a kan waya mai wuta ake sa shi. A riƙe wannan da kyau. Idan aka yi kuskure aka sa shi a kan shuɗiya, fitila za ta kunnu ta mutu lafiya lau, ba wanda zai lura. Amma ko an kashe, wuta tana nan kwance a mazaunin ƙwai. Ranar da maigida ya hau kujera zai canza ƙwai, ƙafarsa a jiƙe, ranar za a sani. Saboda haka in mai gyara ya gama, ka ce masa: "Malam, don Allah kashe makunnin ka sa tasta a wurin ƙwan in gani." Idan tasta ta kama, aikin bai yi ba.

Sai fiyus. Mutane da yawa suna zaton fitila yake karewa, alhali waya yake karewa. Siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya narke kafin waya ta yi zafi ta kama da wuta. Bireka ma aikinta ke nan, sai dai ita faɗuwa take yi, a ɗaga ta a ci gaba.

Layin fitilu ana jan sa da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, a sa masa bireka mai ampiya 6 a allon wutar gida (ampiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Layin soket kuwa birekarsa babba ce, ampiya 20 ko 32. To ka ga haɗarin jawo siririyar waya daga soket: waya na iya gasuwa a cikin silin, babbar bireka tana zaune ba ta ji komai ba. In dole daga soket za a ɗauko, a sa ɗan akwatin nan mai makunni da fiyus a haɗe, a zura masa fiyus mai ampiya 3. Ana samun sa a shagunan kayan wuta na Opera Square.

Mu yi lissafi. Ana raba wat da bolt, a sami ampiya. Fitilu huɗu na LED, kowace wat 30, sun zama wat 120. Raba 120 da 230, ka sami rabin ampiya da ɗan ɗoriya. Ka ga fiyus mai ampiya 3 ya isa har da saura, mai 13 kuwa ya yi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai ɗabi'ar da na tsana: fiyus ya ƙone, a tsinko zaren tagulla daga tsohuwar waya, ko takardar azurfa ta kwalin taba, a cusa a gurbinsa. Wuta za ta dawo, gaskiya ne. Amma fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi. Wataƙila ruwa ya shiga akwatin haɗi, wataƙila ɓera ya ɓare waya, ko ƙadangare ya maƙale a ciki. A nemo dalilin tukuna.

Kayan waje daban suke da na ɗaki. Duba jikin kwali: IP44 yana jure feshin ruwa, ya dace da ƙarƙashin rumfa. IP65 shi ne na jikin katanga inda ruwa ke duka kai tsaye. Waya ta bi cikin bututun roba, ta shiga fitila ta ƙasa, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje. A kuma roƙi mai gyara ya sa na'urar kariya da ake kira RCD, mai miliampiya 30, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara zuba. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci.

Masu son fitila ta kunna kanta da magariba sukan sa na'urar nan mai jin haske. Kada a kafa ta inda hasken fitilar zai dake ta, in ba haka ba za ta zaci gari ya waye ta kashe, duhu ya dawo ta sake kunnawa, haka har asuba.

Ranar da aka ɗauke wuta kuma, kada ka ce dama ta samu ka taɓa waya. Ba a sallama kafin a dawo da ita. A sauke babbar bireka tukuna.

Aikin gida: kana da fitilu shida a katanga, kowace wat 20. Ampiya nawa suke ja? Rubuta lissafin a littafinka, sannan ka duba allon wutar gidanku, ba tare da ka buɗe murfin ciki ba, ka kwafo lambar da ke jikin birekar fitilu ka zo da ita aji.