Kun raba jari, to wa ya tafi da lambar waya?

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum a Alabar da Aboabo da Kejetia a Kumasi. Mutum biyu su haɗa jari, a yi shekaru ana ciniki lafiya, ranar rabuwa a ƙirga kaya, a raba kuɗi har sidi ɗaya, amma maganar kastomomi babu mai cewa uffan. Bayan wata biyu sai ka ji ɗaya yana kuka wai an kwashe masa mutane.

Babban kuskure shi ne layin waya. Lambar nan da ke jikin allon shago, take kan rasit, ita ake turo wa MoMo, wato kuɗi ta waya, da Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa) ɗin wa aka yi mata rajista? Tun da aka fara sabuwar rajistar sim a 2021, wanda katinsa ke kan layi shi ne mai layi, ko da kai ka riƙe wayar shekara goma. Ni nan aka ci ni. Abokin cinikina ne ya je ya sha rana ya yi rajistar don ina tsaron shago, har godiya na yi masa. Da muka rabu wayar tana hannuna ina ganin shi ke nan, ashe ya je ya ce sim ya ɓata an ba shi sabo, nawa ya mutu a aljihu, WhatsApp kuma ya bi lamba. Hajiyoyin Tamale da Bawku da muke aika wa atamfa da shadda ta tasha ba su ma san an rabu ba, suna ta turo hoto, "Alhaji a sa min wannan turmi shida", shi kuma yana amsa musu da to Hajiya. Ina zan kai ƙara? A takarda layinsa ne. Don haka tun ana dariya da juna ku je ofishin kamfanin layin da katunanku a sauya suna, in ya ƙi to a yi wa layin kuɗi a sa cikin lissafin rabo kamar sauran kaya. Ni yanzu ko ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ba zai yi min rajistar layin kasuwa ba.

Na biyu, wannan kunyar tamu ta 'yan zongo. Wai kar a ce ka tona asiri, sai ka yi shiru kana jiran kastoma ya nemo ka. Haba malam, ya nemo ka a ina? Wasu kuma su tura saƙon gayya ɗaya (broadcast) ga kowa lokaci guda daga sabuwar lamba su kwanta, alhali irin wannan saƙon a WhatsApp ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Ni kira nake yi, ɗaya bayan ɗaya, in gaisa, in tambayi iyali, in ce mun rabu lafiya ga lambata ga inda nake. Ban da zagin tsohon abokinka, gobe za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza kuma maganar ta riga ka isa.

Littafin bashi ma a raba shi suna-suna a rubuce, gaban liman ko dattijai biyu, don wanda kastoma yake kai wa biyan bashi wajensa zai ɗauki sabon kaya.

Ƙananan kuwa: duba na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka ka fitar da su, ka sa lambar sirri ta mataki biyu. Sauya kalmar sirrin Gmail, nan lambobin suke kwance. Cire tsohon abokinka daga masu kula da shafin Facebook. Yaron shago da mai aboboyaa, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, sun san gidan kowane kastoma, ka sallame su da kyau ko ka riƙe su.

Masu cika bakin kotu, e, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, kuma in kun yi rajistar haɗin gwiwa ƙarƙashin Act 152 ta 1962 sai ku sanar da ofishin rajistar kamfanoni kun rabu. Amma yawancinmu da baki da fatiha muka ƙulla, babu ko takarda ɗaya da za a nuna wa lauya. Kastomomin da tun asali shi ya kawo su, 'yan garinsu da surukansa, ni ba na ɓata kiredit a kansu.