Yadda za ka gane taurin ƙarfen titaniyam da ake dasawa a jikin mutum daga sunansa

Abu na farko, ka raba ƙarfi da tauri a kanka, don mutane da yawa nan suke rikicewa. Ƙarfi shi ne nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya karye ko ya lanƙwashe har abada, tauri kuwa a nan shi ne ƙin lanƙwasuwa, wato yadda yake ƙin bada kai in an danna shi, kuma da gigapaskal ake auna shi, a takarda za ka ga GPa. Ƙashin mutum mai kauri yana tsakanin 10 zuwa 30. Zallan titaniyam wajen 105 ne, haɗin titaniyam mai suna Ti-6Al-4V da aka fi amfani da shi wajen 110, ƙarfen da ba ya tsatsa kusan 200, haɗin kobalt da kuromiyam ma ya wuce haka.

To me ya sa ake damuwa? Ai ƙashi rayayye ne, in yana ɗaukar nauyi sai ya yi ƙwari, in an sauke masa sai ya fara zaizayewa, abin da Julius Wolff na Jamus ya rubuta kenan tun 1892. Ka ɗauka an zura sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya bayan aikin ƙugu, ƙarfen ya fi ƙashin tauri sau huɗu ko biyar, duk takun da mutum ya yi ƙarfen ne ke kwashe nauyin, ƙashin da ke zagaye da saman sandar yana zaune ba aiki, bayan 'yan shekaru sai ka ga a hoton ƙashi wurin ya yi shara-shara, daga nan ƙarfen na iya fara girgiɗi.

Yanzu karatun sunan. Lambar da ke zuwa kafin kowane harafi kaso ne cikin ɗari na nauyi, Ti-6Al-4V yana nufin alminiyam 6, banadiyam 4, sauran duk titaniyam. Sai ka ware sinadaran da ake haɗawa da titaniyam gida uku. Titaniyam yana da tsari biyu na yadda ƙwayoyin zarrarsa suke jeruwa, alfa a yanayi na yau da kullum, beta in zafi ya haura 882 a ma'aunin Salshiyas. Alminiyam da oksijin da naitirojin suna riƙe alfa, kuma alfa ya fi tauri. Niyobiyam (Nb), tantalam (Ta), molibdinam, banadiyam da baƙin ƙarfe suna riƙe beta ko bayan ya huce, shi ne mai sauƙin bada kai. Zakoniyam (Zr) da kuza (Sn) 'yan ba ruwanmu ne, amma kar ka raina su, zan dawo kansu.

Akwai ɗan lissafi da masu harkar ke yi, suna maida komai kamar molibdinam ne. Molibdinam ka bar shi yadda yake, banadiyam ka ninka da 0.67, niyobiyam da 0.28, tantalam da 0.22, baƙin ƙarfe da 2.9, ka haɗa sannan ka cire alminiyam. In amsar ta kai wajen 10 to beta zai tsaya in an sanyaya ƙarfen da sauri. Gwada da Ti-35Nb-7Zr-5Ta, 35 sau 0.28 ya ba ka 9.8, tantalam ya ƙara 1.1, kusan 11 kenan, taurinsa kuwa wajen 55, rabin na Ti-6Al-4V. Shi Ti-6Al-4V ɗin in ka lissafa ƙasa da sifili ma za ka samu, dama don jiragen sama aka ƙirƙiro shi a shekarun 1950, daga baya likitoci suka are shi. Ti-13Nb-13Zr a tsakiya yake, wajen 80.

Kar ganin Nb a suna ya ruɗe ka fa. Ti-6Al-7Nb an yi shi ne don a rabu da banadiyam saboda tsoron illarsa ga jiki, amma alminiyam 6 ɗin na nan daram, don haka taurinsa bai wani sauka ba, yana nan sama da 100.

Sai maganar zakoniyam da kuza. In sinadaran beta ba su isa sosai ba wani tsari na uku yana kutsowa, omega ake ce masa, yana ɗaga tauri kuma ya sa ƙarfen saurin tsagewa, su biyun nan ne ke danne shi. Shi ya sa Ti-24Nb-4Zr-8Sn da aka haɗa a Sin yake sauka ƙasa da 50, Ti-29Nb-13Ta-4.6Zr na Japan kuma wajen 60. A ganina wannan ne wurin da ya fi daɗi a harkar, don ba wai ka yi ta zuba niyobiyam ba ne, in ya yi yawa taurin ma komawa sama yake yi, akwai daidai gejin da ake nema.

Oksijin galibi ba ya fitowa a suna, sai ka duba takardar gwaji. Zallan titaniyam mai daraja ta 1 bai wuce kaso 0.18 ba, mai daraja ta 4 yana kai 0.40, ƙarfi ya ƙaru sosai amma tauri kusan yana nan.

Na ƙarshe, ka tambayi yadda aka gasa shi. Haɗi ɗaya zai iya ba ka lamba biyu, in an tsoma shi a ruwa daga zafi mai yawa taurin na ƙasa, in kuma an sake ɗumama shi na awanni don ƙara ƙarfi sai alfa ya tsiro a ciki taurin ya hau. Kuma masu ƙarancin tauri sau da yawa ba su kai Ti-6Al-4V jure dannawa da sakewa sau miliyoyi ba, ga tantalam sai zafi ya wuce 3000 yake narkewa alhali titaniyam 1668 ne, haɗa su wahala ce da tsada, shi ya sa har yau in ka duba takardar ƙarfen dashe ASTM F136 za ka fi cin karo da shi, wato lambar ƙa'idar Ti-6Al-4V ɗin nan mai ƙarancin oksijin.