Littafin hutun bazara: abin da iyaye sababbin zuwa Amurka ya kamata su sani

A mafi yawan jihohin Amurka makarantu kan tashi tsakanin ƙarshen Mayu da ƙarshen Yuni, su koma a Agusta ko farkon Satumba. A birnin New York sai bayan ranar ma'aikata, wadda ke faɗowa Litinin ta farko a Satumba. A jihohin kudu irin su Georgia da Texas kuwa tun Agusta an koma aji. Hutu ne na wajen mako goma. Abin da sababbin zuwa ba su cika sani ba shi ne ɗan sakandare ba ya tafiya wannan hutu hannu rabbana. Kafin a tashi, malamin Turanci kan ba shi sunan littafi ɗaya ko biyu ya ce a karance kafin a dawo. Takardar takan zo da kanun "Summer Reading", kuma sau da yawa ba ta isowa hannun iyaye. Tana can ƙasan jaka ta yamutse, ko a shafin makarantar na intanet, ko cikin imel ɗin da ba wanda ya buɗe.

Ku neme ta, ko da yaro ya rantse ba a ba su komai ba. A makarantu da yawa makon farko da komawa ake yin jarrabawa ko insha'i a kan littafin, kuma shi ne makin farko na shekara. Makin aji tara zuwa aji goma sha biyu, wato shekaru huɗun ƙarshe na sakandare, tara shi ake yi, jami'o'i kuma suna dubawa, musamman na aji goma sha ɗaya, wanda galibi a cikinsa ake karanta adabin Amurka. In yaronku ya shiga ajin masu zurfafa karatu, wato Honors ko AP (shi AP ana rubuta jarrabawarsa a watan Mayu a ba da maki daga 1 zuwa 5), to aikin hutunsa ya fi na saura nauyi.

Ɗanmu da ya taso a tsarin WAEC ko NECO ya saba da haddace sunayen taurarin labari da jigo da salo, ya juye wa mai duba takarda. Nan ba a cika son haka ba. Malama za ta tambaye shi ra'ayinsa, sannan ta ce ya kawo hujja daga littafin, da lambar shafi. Shi ya sa ake son ya riƙa ja wa jimloli layi yana rubutu a gefen shafi, wasu malaman ma har karɓar littafin suke yi su duba. Mu da aka yi wa tarbiyyar kada a ɓata littafi, abin kan yi mana banbaraƙwai. Ku bar shi ya rubuta, in nasa ne. In na aro ne, akwai 'yan takardu masu mannewa, ba su da tsada.

A ganina, Turanci ba shi ne babban abin da ke wahalar da yaranmu ba. Tarihi ne. Ɗan ajinsu da aka haifa a nan ya ji labarin bauta da yaƙin basasar Amurka da Martin Luther King tun yana firamare. Namu kuwa ya buɗe littafi ya tarar ana magana a kan abin da aka ɗauka kowa ya sani. The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a 1925, cike yake da shagali da shaye-shaye, amma wanda bai san an haramta sayar da giya a Amurka daga 1920 zuwa 1933 ba, ba zai gane daga ina dukiyar Gatsby, tauraron labarin, ta fito ba. To Kill a Mockingbird na Harper Lee ya fito a 1960, amma labarin a Alabama yake a shekarun 1930, zamanin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da wurin cin abinci. Kafin yaro ya fara, ya ɓata yini guda ya karanta abin da ke faruwa a ƙasar a lokacin labarin. Wannan yinin ya fi ƙamus amfani.

Wasu littattafan kuma namu ne zai riga 'yan ajinsu fahimta. Wasan kwaikwayon Arthur Miller, The Crucible, na 1953, a kan shari'ar maita ne da aka yi a garin Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19 saboda 'yan mata sun kama sunansu. Wane Bahaushe ne bai san yadda ake kama sunan tsohuwa a unguwa ba, da yadda tsohuwar gaba kan ɓuya a bayan zargin? Miller ya rubuta shi ne yana yi wa zamaninsa hannunka-mai-sanda, lokacin da ake farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. Haka nan marubutan Amurka na yawan ɗauko ƙissoshin Baibul, kuma yaron da ya yi Islamiyya ya san Annabi Musa da Fir'auna, ya san Annabi Yusuf da Annabi Ayuba. Ku gaya masa ya ɗaga hannu ya faɗa. Shirun da muke kira ladabi, a nan rage maki yake yi.

In an ba shi zaɓi, ni dai na fi son ya ɗauki tarihin rayuwar Frederick Douglass na 1845. Gajere ne, Turancinsa a miƙe yake, kuma labarin bawa ne a Maryland da ya koyi karatu a ɓoye, ya tsere a 1838. Daga nan sai ku nuna masa cewa mutanen yankinmu ma sun bar rubutu a wannan adabi. Omar ibn Said, malami daga Futa Toro a yankin Senegal ta yau, ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a North Carolina, rubutun kuma yana laburaren majalisar dokokin Amurka. Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, ya yi soja a rundunar arewa lokacin yaƙin basasa, ya buga nasa littafin a 1873. Ba lalle malamar ta taɓa jin sunansu ba, kuma insha'in da ya kawo su zai fita daban.

Akwai abin da gara ku ji daga bakina kafin ku gani da idonku. Littattafan nan ba su da kunya irin tamu. Akwai neman matan aure, akwai fyaɗe, akwai ashar. Huckleberry Finn na Mark Twain ya maimaita kalmar zagin baƙar fata fiye da sau 200, kuma yaronku zai iya zama shi kaɗai ne baƙi a ajin ranar da za a tattauna ta. Ku yi magana da shi tun a gida. In wani littafi ya wuce abin da za ku iya haƙura da shi, kuna iya rubuta wa malamin ku nemi a musanya masa da wani, makarantu da yawa suna yarda. Amma ni ban cika ba da wannan shawara ba. Yaron da aka ware shi kaɗai yana karanta wani abu dabam ya rasa tattaunawar aji, abin da kuke gudu kuma yana cikin wayarsa, ba tare da malami ba.

Batun kuɗi mai sauƙi ne. Katin laburaren gwamnati kyauta ne, shaidar adireshi kan isa, kuma laburaren New York sun daina cin tarar jinkiri tun 2021. Sai dai ku je tun a Yuni, domin kafin Agusta an kwashe kofen duka. Da katin ana shiga manhajar Libby a ari littafi a waya, har da wanda ake karantawa a saurara. Yaron da kunnensa bai saba da lafazin Amurka ba ya riƙa saurare yana bin shafi da ido. Tsofaffin littattafai irin na Douglass da Twain suna shafin intanet na Project Gutenberg kyauta. Taƙaitawar da ke shafin intanet na SparkNotes tana taimakawa bayan an karanta babi. In ita kaɗai aka karanta, ko aka sa na'ura ta rubuta insha'in, malamai na ganewa, kuma satar rubutu laifi ne da kan jawo sifili har a kira iyaye.

Masu tura yara gida hutu, Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ku sa littafin a jakar hannu, kada ku dogara da samunsa a can. Tsakanin gaishe-gaishe da bukukuwa lokaci ba ya samuwa, sai an yanke masa sa'a guda, bayan asuba ko bayan la'asar. Gatsby babi tara ne kacal. Babi ɗaya a mako ya kai shi.

Uwar da ba ta jin Turanci kada ta ce ba ta da abin yi a nan. Da dare ki ce, "Zo ka ba ni labarin inda ka tsaya," da Hausa. Ki tambaye shi wa ke da gaskiya, me ya sa wancan ya yi ƙarya, shi da me zai yi. Wanda bai karanta ba nan take zai fara kame-kame, wanda ya karanta kuma ya yi rabin insha'insa ke nan.

In kuma a Agusta kuka sauka, an riga an raba takardar, to ranar rajista ku tambayi jami'in ba ɗalibai shawara ko akwai littafin hutu, kuma ku nemi a ƙara wa yaro lokaci. Yawancin malamai kan ɗaga wa sabon zuwa ƙafa in an yi magana da wuri. Doka ta wajabta wa makarantar gwamnati ta yi muku bayani da harshen da kuke ji, don haka ku nemi tafinta, na Hausa ko na Faransanci, kada ku mai da yaron kansa tafinta a maganar da ta shafi makinsa.