Yadda Ake Karanta Teburin Kakar 1932 ta Ƙwallon Amurka

Duk wanda ya saba bin gasar Firimiya a gidajen kallon ƙwallo na Samaru ko Tudun Wada, idan ka miƙa masa teburin ƙarshe na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, na shekarar 1932, abin da zai fara cewa shi ne an yi cuwa-cuwa. Ƙungiyar Green Bay Packers ta ci wasa 10, Chicago Bears ta ci 7, amma kofi yana hannun Bears. Babu wata cuwa-cuwa a lissafin, sai dai teburin yana da nasa ƙa'idojin, kuma wanda yake son ya fahimci tsofaffin shekarun wannan gasa dole ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko shi ne ka cire lissafin maki uku daga zuciyarka. A gaban sunan kowace ƙungiya za ka ga lambobi uku a jere, na farko yawan nasara, na biyu yawan rashin nasara, na uku kuma canjaras. Kafin wasan raba gardama, Bears tana da 6-1-6, Portsmouth Spartans tana da 6-1-4, Packers kuma tana da 10-3-1. Wannan Portsmouth ɗin wani ƙaramin gari ne a jihar Ohayo, ba na Ingila ba ne da Kanu Nwankwo ya ci wa kofin FA a 2008, domin na san a Zariya wancan ne zai fara zuwa wa mutane a rai.

Daga nan sai ka ɗauki biro da takarda ka yi rabon da kanka, domin a nan ne duk rikicin yake. A wancan zamani ana zubar da canjaras gaba ɗaya, tamkar ba a buga wasan ba, sannan a raba yawan nasara da jimlar nasara da rashin nasara. Bears ta ci 6 cikin 7 da ake ƙirgawa, wato kashi 85.7 cikin 100, haka ita ma Spartans. Packers ta ci 10 cikin 13, wato kashi 76.9. Da an yi amfani da tsarin da muka sani na maki uku ga nasara da ɗaya ga canjaras, da Packers ta tashi da maki 31, Bears 24, Spartans 22, kuma da babu wanda zai yi musu. Da ma an ɗauki canjaras a matsayin rabin nasara, kamar yadda NFL ta koma yi daga 1972, Packers ce dai za ta zo ta ɗaya da kashi 75. A ganina wannan ƙa'ida ta zubar da canjaras ba ta yi adalci ba, domin ta saka wa ƙungiyar da ta iya tsare gida fiye da wadda ta iya cin wasa. Bears ta buɗe kakar ne da wasa uku a jere babu ci ko ɗaya daga kowane ɓangare, a na huɗu kuma Packers ta doke ta da 2 da nema, amma duk waɗancan ukun ba su rage mata komai ba. Sai dai kuma kada tausayin Packers ya yi maka yawa, domin ita ce ta ɗauki kofi a 1929 da 1930 da 1931, kuma da hannunta ta saki na huɗu, inda ta sha kashi a wasanninta biyu na ƙarshe, 19 da nema a hannun Spartans, 9 da nema a hannun Bears.

Sai ka duba yawan wasannin da kowa ya buga, kada ka ɗauka daidai suke. Packers ta buga 14, Bears 13, Spartans 11, saboda ba a fara tilasta wa ƙungiyoyi jadawali mai yawan wasa iri ɗaya ba. Ƙungiyoyi 8 kacal suka shiga gasar a shekarar, alhali a 1929 sun kai 12, domin matsin tattalin arzikin da ya faɗa wa Amurka daga 1929 ya karya da yawa daga cikinsu.

Wasan raba gardama shi ne wurin da ya kamata ka fi daɗewa. Bears da Spartans sun haɗu sau biyu a cikin kakar, duka aka tashi kunnen doki, 13 da 13 sannan 7 da 7, saboda haka aka shirya musu ƙarin wasa a birnin Shikago ranar 18 ga Disamba, 1932. Dusar ƙanƙara da tsananin sanyi suka sa aka ɗauke wasan daga fili aka kai shi cikin rufaffen zauren Chicago Stadium, aka buga a kan ƙasar da masu wasan dabbobi suka bari a shimfiɗe. Tsawon filin duka yadi 80 ne a maimakon 120 da aka saba, faɗinsa ma an rage, har bango ya matso daf da layin gefe, dalilin da ya sa ake janyo ƙwallo zuwa ciki kafin a ci gaba da wasa. Spartans ta zo ba tare da gwaninta Dutch Clark ba, domin ya riga ya koma aikinsa na horar da ƙwallon kwando a wata kwaleji a Kolorado.

Idan ka ga sakamakon 9 da nema, kada ka karanta shi a matsayin ƙwallo tara a raga, sai ka warware shi kashi-kashi. Kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya maki 6 ne, bugun da ke biyo baya maki 1, sai kuma maki 2 da Bears ta samu daga baya lokacin da ƙwallo ta kuɓuce wa 'yan Spartans ta fice ta bayan gidansu. Waɗancan maki 6 sun zo ne a zango na huɗu, lokacin da ɗan wasan Bears Bronko Nagurski ya nufo layi kamar zai kutsa da ƙarfi, sai ya ja da baya ya jefa wa Red Grange ƙwallo. Dokar lokacin ta ce mai jefa ƙwallo gaba sai ya kasance aƙalla yadi 5 a bayan layin da aka fara wasa, 'yan Spartans suka dage cewa bai ja baya har haka ba, alƙalin wasa kuma ya ce ci ya tabbata.

Akwai wani tarko a nan da yake kama masu karanta teburin. An lissafa wannan wasa cikin wasannin kaka, ba a ware shi a matsayin wasan ƙarshe na kofi ba, shi ya sa za ka ga Bears da 7-1-6, Spartans kuma da 6-2-4, wato kashi 75. Ma'ana ƙungiyar da ta buga wasan neman kofi ta sauko ta uku, Packers da ke zaune a gida ta haye ta biyu.

In za ka wuce zuwa teburin 1933, ka san cewa ƙa'idoji sun sauya. An halatta jefa ƙwallo gaba daga ko'ina a bayan layi, an dawo da turakun da ake buga ƙwallo ta tsakaninsu kan layin gida, an shata layukan da ake janyo ƙwallo kansu yadi 10 daga gefe, sannan an raba gasar gida biyu, gabas da yamma, zakarun biyu su kara a wasan ƙarshe, wanda Bears ta ci New York Giants da 23 da 21. Canjaras dai an ci gaba da zubar da shi, don haka rabon da ka koya zai yi maka aiki har zuwa teburin 1971. Sunan Spartans kuwa ba za ka ƙara ganinsa ba bayan 1933, domin an sayar da ƙungiyar a 1934 aka mayar da ita birnin Ditiroyit, inda ta zama Detroit Lions.